Daga Takobin Hauni Zuwa Igiyar Bature

Mazauna Suleja ba za su manta da daren 24 ga Afrilun 2024 ba, daren da aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya har katangar tsohon gidan yarin garin nan ta zube, fursunoni sama da 100 suka yi ta kansu. Kwana da kwanaki babu zancen da ake yi a majalisarmu sai wannan. Wani dattijo daga cikinmu ya ce ai da a zamanin da ne, rabin mutanen nan ma ba za su kai ga kwana a kurkuku ba, Hauni ya gama da su tun a bakin kasuwa. Wani matashi kuma ya ce shi dai a dawo da harbi a bainar jama'a irin na lokacin soja, kowa ya shiga taitayinsa. Aka yi ta na'am da maganarsa. Ni dai na yi shiru, don na lura duk wanda ya yi magana a wurin yana ɗaukar kansa a cikin 'yan kallo ne. Ba wanda ya kawo a ransa cewa shi ko ɗansa zai iya zama wanda aka ɗaure a turke.

Wannan ne ya sa na koma na ɗan bi tarihin yadda 'yan Adam suka riƙa zartar da hukuncin kisa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan a ko'ina, irin mutuwar da ake yi wa mai laifi ba girman laifinsa kaɗai take bi ba. Tana bin ko shi wane ne: ɗa ne ko bawa, basarake ne ko talaka, ɗan gari ne ko baƙo. Mu kuwa da muka bar garuruwanmu muka zo neman abinci a ƙasar wasu, wannan magana ce da ta shafe mu kai tsaye.

Mu fara da Rumawa. A wurinsu ɗan ƙasa cikakke idan ya yi laifin da ya kai ga kisa, fille masa kai ake yi, sara ɗaya an gama. Gicciyewa kuwa ta bayi ce da 'yan tawaye da mutanen ƙasashen da aka ci da yaƙi. Bayan an murƙushe tawayen bayi na Spartacus a shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayi kimanin 6,000 aka gicciye a jere a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Capua zuwa birnin Rum, aka bar su nan domin matafiya su gani.

A Ingila ma haka abin yake. Talaka rataye shi ake yi, mai sarauta kuma a sare masa kai, kuma ana ɗaukar hakan a matsayin alfarma. Da Sarki Henry na Takwas ya tashi kashe matarsa Anne Boleyn a 1536, ƙwararren mai takobi ya sa aka ɗauko daga Calais, a tsallaken ruwa, don kada a wahalar da ita da gatari. Ka ji tausayi irin na sarakuna. A ƙasar nan dai aka kai lokacin da laifuffuka sama da 200 ke iya kai mutum ga igiya, har da ƙananan sace-sace, kuma ba sai an faɗa maka 'ya'yan su wa ake ratayewa a kan satar tunkiya ba. Turkawan Daular Usmaniyya su kuma shaƙe 'ya'yan sarauta suke yi da tsirkiya, wai don kada jinin gidan mulki ya taɓa ƙasa. Sarki Mehmed na Uku ya sa an yi wa 'yan'uwansa maza 19 haka da ya hau gado a 1595. Irin wannan camfin ne aka ce ya sa Mongol, da suka ci Bagadaza a 1258, suka naɗe Halifa Musta'asim a cikin darduma suka sa dawakai suka tattake shi. A Sin akwai kisan yanka-yanka, inda ake yankar naman mutum kaɗan-kaɗan, ba a soke shi ba sai a 1905. Turawan Ingila da ke kiran kansu masu wayewa kuwa, bayan boren Indiya na 1857, ɗaure sojojin Indiyawa suka riƙa yi a bakin igwa su tayar, abin da ba su yi wa nasu sojojin ba.

Faransawa ne suka fara cewa a daidaita. A 1789 wani likita ɗan majalisa mai suna Guillotin ya kawo shawarar cewa duk wanda za a kashe, basarake ne ko talaka, a kashe shi ta hanya ɗaya. Daga nan aka ƙera na'urar nan mai faɗo da wuƙa daga sama wadda ta ɗauki sunansa, aka fara aiki da ita a 1792, ba a shekara ba ta ci wuyan sarkinsu Louis na Sha Shida. Amma ga wani abin lura: mutum na ƙarshe da ta sare a Faransa, a Marseille cikin 1977, baƙo ne ɗan Tunisiya. Shekara huɗu bayan haka suka soke hukuncin kisa baki ɗaya.

To, mu dawo gida, inda maganar ta fi daɗin tonawa.

A masarautun ƙasar Hausa mai zartar da hukuncin kisa sunansa Hauni. Kalmar a tsohuwar Hausa tana nufin hagu, shi ya sa har yanzu za ka ji tsoho ya ce hannun hauni. Takobi ne kayan aikinsa, kasuwa ce wurin aikinsa, domin a can jama'a suke. Alƙali na iya yin shari'a, amma maganar jini ta sarki ce, sai ya amince ake taɓa wuyan mutum. Akwai kuma tsirewa, wato a soke mutum a kan tsinin itace a kafa shi. Kalma ɗaya ce da tsiren da muke saye a bakin tasha da yamma, Allah Ya ba mai karatu haƙuri.

Wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa hanyoyin kisa uku ya ji ana yi: sare kai, da tsirewa, da gicciyewa. Ya ce na farkon na Musulmi ne, sauran biyun kuma waɗanda ba Musulmi ba ake yi wa. Har ya kawo labarin Haunin Sakkwato na lokacin, wanda aka gaya masa cewa mutumin ƙasar Bauchi ne, ɗan'uwansa ne ke riƙe da muƙamin a can, sai ya je ya ce wa mai mulkin garin ya fi ɗan'uwan nasa iya sara. Aka ce to ya je ya kawo kansa a gani. Ya je ya kawo, aka ba shi aikin. Labarin baƙo ne da ya ji ta bakin tafinta, kuma Turawan wancan zamani suna son labarin da zai tayar wa mutanensu tsigar jiki, saboda haka ni ba na haɗiye shi duka. Amma batun bambanci tsakanin na gida da bare, wannan ya yi daidai da abin da muka gani a Rum da Ingila. Wani Baturen kuma, James Richardson, da ya zauna a Damagaram a farkon 1851, ya ba da labarin wata bishiya a bayan gari da ake kashe mutane a gindinta a bar wa kuraye da ungulaye gawa.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka ƙasar ba ta da doka. Tana da ita, a rubuce ma, fiƙihun Malikiyya ne da ake karantawa a zaure, Risala da Muhtasar. Kuma akwai abu guda a cikinta da dokar Bature ba ta da shi. Idan mutum ya kashe wani da gangan, haƙƙin jinin na magadan mamaci ne. In sun so a yi ƙisasi, in sun so su yafe, ko a daidaita a kan diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. In sun yafe, hukuma ta yi wa mai laifin bulala 100 ta tsare shi shekara guda. Banda kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi don abin hannunsa, wannan babu yafiya a cikinsa. Ashe ke nan akwai ƙofar da rai zai iya tsira ta cikinta, kuma mabuɗin yana hannun waɗanda aka zalunta. Amma ko a nan ɗin ma matsayi yana aiki, domin a mazhabar ba a kashe ɗa saboda ya kashe bawa, in ba gillar ba ce. Sannan tambaya ita ce, baƙon da aka kashe a garin da ba shi da kowa, wa zai tsaya ya nemi jininsa? Wanda kuma ya yi kisan, in ba shi da dangin da za su je su durƙusa su ba da haƙuri su haɗa diyya, wa zai cece shi?

A nan akwai wani abu da ya shafi garin nan. Zagezagin da suka kafa shi su ma zuwa suka yi. Jihadi ne ya fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya ya gangaro Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya gina garin a 1828 a tsakiyar Gwari da Koro, aka kira shi Abuja, kafin babban birnin tarayya ya karɓe sunan a koma cewa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. To, cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ya lissafa wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi akwai cewa suna karɓar dukiya a maimakon tsayar da hukuncin da shari'a ta ajiye. Wato tun a wancan lokaci kukan da ake yi shi ne mai abin hannu yana fansar wuyansa, marar shi kuma ya gamu da Hauni. Shekara 200 ke nan, kukan bai tsufa ba.

Da Turawa suka ci ƙasar, sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna, amma suka hana yanke hannu da sauran hukuncin da suka ce ya saɓa wa tausayi, suka kuma ce ba a kashe kowa sai Gwamna ya tabbatar. Sai dai tausayin nasu yana da iyaka. A watan Fabrairun 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo, suka yi tawaye suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. A watan Maris aka aika musu runduna, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka shafe garin. Jagoransu Ɗan Makaho, wanda shi ma baƙo ne da ya tsallako daga yankin da Faransa ke mulki, aka yi masa shari'a a Sakkwato shi da wasu, aka sare kawunansu a kasuwa aka kafa a kan itace. Turawan da suka ce sun zo hana ta'asa suna nan aka yi. Daga baya ne sannu a hankali igiya ta maye gurbin takobi, kisa ya bar kasuwa ya koma bayan katangar gidan yari, da asuba, gaban likita da ɗan sanda da gandiroba. Ita kanta Ingila ta daina rataya a bainar jama'a tun 1868, saboda taron ya zama kamar ranar biki.

Zaman doka biyu a ƙasa ɗaya bai yi daɗi ba. Shari'ar da ta fasa ƙwan ita ce ta wani mutum mai suna Tsofo Gubba a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda ya kashe wanda ya kama da matarsa. A Malikiyya kisan ganganci ne, tunzura ba hujja ba ce. A dokar Turawa kuwa wanda aka tunzura har ya fita hayyacinsa ba a kashe shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, sarakunan Arewa suka ji an taka su. Aka yi ta ja-in-ja har 1958, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Daga aikinsu aka samu kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Igiya ɗaya ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ɗan sarki da ɗan talaka. An samu daidaito a takarda, amma magadan mamaci sun rasa ikonsu na yafewa, jini ya zama na gwamnati.

Sojoji ne suka dawo da kisa fili. Bayan yaƙin basasa makamai sun bazu, fashi ya yi yawa, sai gwamnatin Gowon ta kafa dokar fashi da makami ta 1970: kotu ta musamman, babu ɗaukaka ƙara, hukunci harbi. Ana kafa turaku a jera durom cike da yashi a bayansu, a kira malami da fasto, jama'a su cika wuri har da masu talla. Haka aka harbe Ishola Oyenusi a Bar Beach ta Legas a Satumbar 1971, aka kuma harbe Lawrence Anini a Benin a Maris ɗin 1987. Tsakanin waɗannan biyun shekara 16 ne ana harbi, fashin bai tsaya ba, wannan kaɗai ya isa amsa ga matashin majalisarmu. A Afrilun 1985 aka harbe wasu samari uku a Legas kan safarar ƙwaya, ƙarƙashin dokar da aka mayar da aikinta baya ta hau kan abin da ya riga ya wuce.

Jiharmu ta Neja ma ta shiga littafi, ta hanyar da ba abin alfahari ba. Ƙungiyar Amnesty ta ruwaito cewa a 1986 gwamnatin sojan jihar ta ba da umarnin a riƙa harbin 'yan fashi daki-daki, a fara daga idon sawu, a dakata, a ƙara sama, har a kai ga inda zai kashe, don su ɗanɗana kafin su mutu. Kisan yanka-yankan da Sinawa suka bari a 1905 ke nan ya dawo da bindiga. A wannan shekarar ce kuma, ran 5 ga Maris, aka harbe ɗan jihar nan Manjo Janar Mamman Vatsa, marubucin waƙoƙi kuma ministan Abuja, tare da wasu hafsoshi tara bisa zargin shirya juyin mulki, a gwamnatin abokinsa na ƙuruciya Janar Babangida. Shi ba a kai shi filin kallo ba. Labarin aka ba 'yan ƙasa bayan an gama.

Da aka dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka daga 2000, Zamfara a gaba, Neja na cikin na farko-farko, duniya ta ɗauka za a ga jifa da takobi. Ba a gani ba. Wanda aka tabbatar an kashe bisa hukuncin kotun shari'a, Sani Yakubu Rodi da aka samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu a Katsina, rataye shi aka yi a gidan yarin Kaduna ran 3 ga Janairun 2002. Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, kotunan shari'a na sama ne suka sallame su a 2002 da 2003. Nan kusa da mu a Sabon Gawu ma an yanke wa wani namiji da wata mace hukuncin jifa a 2002, ba a zartar ba. Ka duba su wane ne waɗannan duka: mutanen ƙauye, marasa boko, waɗanda suka amsa laifi a gaban alƙali ba tare da wani ya gaya musu abin da amsawar za ta jawo ba.

Yau hukuncin kisa yana nan a dokar Nijeriya, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar a 1998 cewa bai saɓa wa tsarin mulki ba. Alƙalai suna yankewa, amma gwamnoni ba sa son sa hannu. Rataya ta baya-bayan nan da aka sani a jihar Edo aka yi ta, mutum huɗu a 2013, uku a 2016. Mutane sama da 3,000 ne ke zaune a gidajen yari suna jiran ranar da ba ta zuwa, wasu sun yi furfura a ciki. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai-da-rai idan mutum ya shekara 10 yana jira bayan ya ƙare ɗaukaka ƙara. Maƙwabciyarmu Nijar rabonta da zartar da kisa tun 1976, Chadi ta soke shi a 2020, Saliyo a 2021. Amurka kuwa har yanzu neman hanya take yi: kujerar lantarki a 1890, allurar guba a 1982, iskar naitirojin a Alabama a 2024.

Amma kisan bainar jama'a bai bar ƙasar nan ba, hannu kawai ya sauya. Yanzu ba Hauni, ba alƙali, ba sa hannun gwamna. Ihun "ɓarawo" ne, da tsohuwar taya, da fetur. Kuma Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A ƙarshen Maris ɗin 2025 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo, ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, kafin a ce kwabo an kashe 16 an ƙone su. Ba wanda ya tambayi sunansu. Da 'yan garin ne, da an samu wanda zai ce ai wannan ɗan gidan wane ne.

Laifi kuwa tudu ne. A 2022 a Sakkwato taron ɗalibai ya kashe wata ɗaliba Kirista 'yar jihar Neja ya ƙone gawarta a cikin makaranta, ba a kai ta gaban kowane alƙali ba. Ita ma baƙuwa ce a garin, kamar yadda mafarautan suke baƙi a Uromi. Da na kawo waɗannan biyun a majalisa bayan wani lokaci, dattijon nan da ya yi zancen Hauni ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce shi 'ya'yansa biyu suna Fatakwal suna sayar da albasa, kuma ta wannan hanyar suke biyowa duk Sallah.